Wankin Fida a Kusfa

Ku 'yan matan nan da kuka gama makaranta kuke ta zirga-zirga gidana wai kuna son buɗe wurin renon yara, ƙarshen aikin kawai kuke gani. Kun ga na jera kwalaben fida a cikin robar tururi, na tura ta cikin maikurowef, na danna, na koma kan tabarma ina tsinkar zogale, sai kuka ce ai wannan kowa ma zai iya. Ɗaya daga cikinku har cewa ta yi inji ne ke aikin, ni gadi kawai nake yi. Ban ji haushi ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Amma tunda kun ce koyo kuka zo yi, ku gyara zama in faro muku daga inda ni na faro.

Fidar farko da na wanke a bakin aiki, a wani ƙaramin asibitin haihuwa ne a wajen ganuwa, inda aka ɗauke ni shara da wanke-wanke bayan na yaye ɗana na biyu. Ɗakin jarirai yana hannun wata nas mai suna Sista Ladi, doguwar mace, ta manyanta, ba ta da yawan magana. Ranar da na fara ta miƙo min fida guda ta ce in wanko. Na sa sabulu na dirje kwalbar, na ɗauraye ta har tana ƙyalli, na kawo ina jiran a yaba min. Ko kallon kwalbar ba ta yi ba. Kan fidar ta ɗauka, wato robar nan da jariri ke tsotsa, ta sa babban yatsa ta juyo cikinsa waje, ta miƙo min ta ce in shinshina. Tsami ya daki hancina, irin na nonon da ya wuni a rana. Can ƙurya inda robar ta tsuke akwai wani farin maiƙo da ba a ganinsa sai an juya.

“A nan ciwo ke zama, Asabe,” in ji ta. “Kwalba kowa ya iya wanke ta.”

Na yi watanni a ƙarƙashinta ban taɓa jaririn kowa ba, daga ni sai baho da burushi. A nan na koyi cewa da ruwan sanyi ake fara ɗauraye fida, domin ruwan zafi dafa ragowar madara yake yi ta manne. Na koyi kwance komai, kwalba daban, kai daban, zoben da ke ɗaure kan shi ma daban, don a cikin 'yan layukan da ake murɗa shi madara ke ɓuya. Burushi biyu ne, babba na kwalba, ƙarami na kai, kuma ba sa taɓa kwanon abinci har su mutu. A lokacin da gishiri muke murza cikin kan fida, mu ɗauraye, sannan mu cika shi da ruwa mu matsa. In ruwan bai fita ta hujin siriri a miƙe ba, akwai abin da ya toshe. Bayan wanki sai dafawa, babbar tukunya a kan risho, komai ya nutse, kar a bar kwalba ko ɗaya da iska a cikinta tana yawo a sama. Da wani ɗan awartaki ake tsamowa, shi ma an dafa shi, kuma ba a gogewa da tsumma komai tsabtarsa. Kowace safiya kafin ta amsa gaisuwata sai ta kama hannuwana ta duba farce.

Da Sista Ladi ta yi ritaya ni ma ban daɗe ba na bar wurin. Lokacin mata masu aikin gwamnati sun fara yawa a cikin birni, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu aikin ofis, hutun haihuwa kuma yakan ƙare tun jariri bai iya zama ba. Wata maƙwabciyata ce ta fara kawo min ɗanta, sai ƙawarta, sai ƙanwar ƙawar. Maigidana Malam Sule, wanda ɗinkin babbar riga yake yi a zaure, shi ya ce in kwashe kayan ɗakin tsakiya in shimfiɗa leda da katifu. Haka gidan reno ya tsiro a nan Kusfa, ko allo ban kafa a ƙofa ba.

Iyayen yara iri-iri ne, kuma su ma aiki ne. Akwai wadda za ta kawo miki fida a jaka da ragowar madarar jiya a ciki, ta ce makara ta yi. Akwai wadda kakar yaron ta sa allura mai zafi ta buɗa hujin kan fidar don koko ya wuce, yaro ya yi ta ƙwarewa. Wannan ba faɗa ake yi ba. Ki ajiye wancan kan ki sa sabo, da yamma ki nuna wa uwar yadda ya kamata madara ta riƙa ɗiga, ki bar ta ta san yadda za ta yi da surukarta.

Wani malami daga Limancin Kona, matarsa tana aikin jinya, takan tatso nononta ta kawo a kwalba. Kafin ya yarda a kawo min 'yarsa sai da ya zo da kansa ya zauna da Malam a zaure, aka kira ni na tsaya daga bakin ƙofa. Bai tambayi abinci ba, bai tambayi wurin kwanciya ba. Abin da ya tambaya shi ne yadda zan tabbatar nonon matarsa bai shiga bakin ɗan wani ba, na wata kuma bai shiga bakin 'yarsa ba, domin shayarwa magana ce ta 'yan'uwantaka da aure nan gaba. Na ɗauko kwalaben na nuna masa. Kowane yaro da launin zarensa a wuyan fida, ragowar zaren aikin Malam, kuma irin zaren ne ɗaure a hannun jakarsa. Ya juya kwalbar ya duba, ya ce Allah ya yi albarka. Washegari aka kawo yarinyar.

Robar tururi kuwa ta hannun Malama Hadiza ta shigo gidan nan. Malamar sakandare ce, tana aure a Ƙofar Gayan, 'yarta Amira tana wurina. Yayanta ne ya aiko mata da ita daga Abuja cikin kayan barka, ta ce tunda a wurina Amira ke wuni, a nan ya kamata abin ya zauna. Ni ko maikurowef ɗin ba ni da shi, sai babban ɗana ya samo min na hannu a Sabon Gari. Ga ta nan kun gan ta, farar roba mai faɗin babban kwano, da faranti mai huji-huji a ciki, da murfi mai tudu wanda ake ɗamewa da maƙalai a gefe. Malama ta zauna da takardar da ta zo a kwalin tana karantawa da Turanci tana fassara min. Ita sitarilaiza take ce mata, ni na ce robar tururi, sunan ya bi ta.

Ranar farko da na gwada, na wanke kwalaben yadda na saba, don tururi ba ya wanki, datti in ya shiga dafaffen datti zai fito. Na auna ruwa da ɗan kofin da aka yi wa alama na zuba a gindin robar. Kwalabe a kife, bakinsu ƙasa, don tururin ya hau cikinsu, kawuna da zobba a tsakani, ba mai hawa kan wani. Na rufe, na ji maƙalan sun kama, na tura, Malama ta murɗa lokacin daidai da ƙarfin injin. Aikin da ke cin min kananzir da doguwar tsayuwa a gaban tukunya sai ga shi ya ƙare kafin in gama shanya. Da ƙararrawa ta buga na kai hannu, ta riƙe ni ta ce a bar shi ya huce tukuna. In an zo buɗewa ma, ta can gefe ake ɗaga murfin, ba ta wajen fuska ba, don ƙunar tururi ba ta da kyau.

Sauran abubuwan a hankali na san su, wasu daga takardar, wasu a cikin aiki. Ƙarfe ba ya shiga, ko ɗan cokali ne. Ba kowace kwalba ke jure zafin ba. Wata uwa ta kawo fidar kasuwa mai hoton zomo, ta shiga a miƙe ta fito da wuya a karkace, tun daga nan duk sabuwar fida sai na kifa ta na duba alamar gindinta, in ban gamsu ba in ce a kawo kwalinta. Ruwan rijiyarmu yana barin farin gari kamar kanwa a gindin robar, sai a jiƙa da ruwan lemun tsami a ɗauraye. In ruwa ya gaza awo zai ƙone ƙarmas ya lalata robar, in ya yi yawa ba zai tafasa cikin lokacin ba. Muddin murfi na rufe kayan suna nan da tsabtarsu zuwa wani lokaci, amma da kin ɗaga shi, to ki haɗa kowace fida nan take da wankakken hannu. Sai abu guda da ban taɓa yarda da shi ba komai gaggawar uwa, ɗumama madara a maikurowef. Kwalbar za ta ji miki daidai a hannu, tsakiyarta kuwa wuta ce. A kwanon ruwan zafi ake tsoma fida, a girgiza, a ɗiga a bayan hannu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda ba na mantawa a aikin nan. Farkon damina taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka jona mu da layin maƙwabta, wuta ta dawo ja-ja ba ƙarfi, fanka na juyawa kamar mai jin barci. Wata safiya na sa kwalabe kamar kullum. Fitilar injin ta kama, farantin ya juya, ƙararrawa ta buga a kan lokaci. Amma da na ciro robar sai na ga murfin bai yi fari ba. A ƙa'ida tururi kan lulluɓe shi, ruwa na gangarowa ta ciki, ba kya iya riƙe shi sai da tsumma. Ran nan ɗan gumi kawai ya yi, ɗuminsa bai wuce na ruwan wankan jariri ba, ruwan da na auna yana nan kwance a gindi. Na sake sawa, haka ya fito. Na zare filogi na lulluɓe injin da zani. Ƙaramin janaretan da Malam ke kunnawa don fitila ba ya iya ɗaukarsa.

Na koma tukunya a kan gawayi, amma tukunya ruwa take ci, tsabtataccen ruwa kuwa ya yi wuya a lokacin, ga shi yawan dafawa yana sa kan fida ya yi danƙo. Ina kallon maƙwabciyata tana turara dambu sai na ga ai madambaci ma abin ke nan, ruwa a ƙasa, huji a tsakiya, murfi a sama. Ban yi gaban kaina ba. Na ɗauki mayafi na je gidan Sista Ladi, na same ta a kujera ciwon gwiwa ya hana ta fita. Ta saurare ni, ta ce madambacin ya zama sabo fil wanda tsaki bai taɓa shiga ba, in naɗe haɗin da tsabtataccen ƙyalle kar tururi ya tsere, in bari ruwan ya tafasa sosai kafin in fara duba agogo, kuma in bar shi ya daɗe fiye da yadda nake zato. Haka na yi, aiki ya ci gaba.

Da ruwa ya zauna sosai sai amai da gudawa suka shigo birni. Aka fara jin an kwashi wane, an kwashi wance. Ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna zuba magani a rijiyoyi, suna cewa a dafa ruwan sha. Na ajiye buta da sabulu a bakin zaure, duk uwar da ta zo sai ta wanke hannu kafin ta miƙo min yaro. Wuta ba ta mutuwa a murhuna, buhun gawayi ba ya daɗewa.

Mai kawo min gawayin wani bawan Allah ne, Iro, mutumin wani ƙauye ta hanyar Giwa. Ya bar gona a hannun ƙannensa yana tura baro a birni, suna haya a ɗaki guda wajen Ƙofar Gayan shi da matarsa Rabi. Wata hantsi ya yi sallama, Malam ya leƙo ya ce in fito. Na same shi a tsugune a zaure, ba baro ba buhu, da jariri a ƙirjinsa naɗe cikin mayafin mace. Ya ce ɗansu ne, ciwon ya kama Rabi, an kai ta inda ake kwantar da masu cutar, ba ta san wanda ke kanta ba. Mahaifiyar shi Iro tana ƙauye, rafi ya cika ya yanke hanya. Matan gidan da suke haya kowacce ta ja 'ya'yanta ta rufe ɗaki, guda ce ta tausaya ta haɗa wa jaririn ruwan sikari.

“Inna, ban san inda zan kai shi ba,” ya ce. “Tun jiya ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan nan. Ke na sani da aikin yara.”

Sunan yaron Habu, bai kai wata biyu ba. Kukan ma ya daina fita, sai buɗe baki. Na dubi Malam. Ya ajiye allurarsa ya ce aikina ne, ni na san abin da zan iya, amma in har na karɓa to yau ɗin nan in gaya wa iyayen sauran yaran da bakina, kar su ji a waje.

Ban shigar da shi ciki ba. Na bar yaran a hannun matar ɗana, muka shiga adaidaita da Iro zuwa asibitin unguwa. Aka duba yaron aka ce ba alamar ciwon a jikinsa, yunwa ce da ƙishi, aka faɗa min abin da zan riƙa lura da shi da irin madarar da zan ba shi. Na dawo na share ɗakin da ke kusa da zaure, na ware masa baho, tsumma, buta, komai nasa daban. Kayan da ya zo da su na jiƙa a ruwan magani.

Da yamma duk uwar da ta zo ɗaukar ɗanta na gaya mata. Wasu suka goya nasu suka fita. Wata ta ce da na tambaye su kafin in karɓa, na ce tana da gaskiya, lokaci ne bai ba ni ba. Malama Hadiza ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta daɗe tana kallon yaron.

“Yaya Asabe, na san tsabtarki,” ta ce. “Amma Amira ita kaɗai gare ni, kuma babanta ba zai yarda ba. Ki yi haƙuri, zan kai ta wurin Hajiyarmu zuwa abin ya lafa.”

Na ce ko ni ce haka zan yi. Kafin mako ya zagayo ɗakin tsakiya ya zama wayam, katifu a jingine da bango. A waje kuma magana ta canza kama, har aka riƙa cewa ciwon ya shiga gidan Malam Sule, masu kawo masa ɗinki ma suka ja baya. Washegarin tafiyar Amira kuwa ɗan acaba ya ajiye gwangwanin madarar jarirai a zaure ya ce daga Malama, haka kuma ya riƙa zuwa duk lokacin da ta ƙiyasta ya kusa ƙarewa.

Habu ya ƙi fida. Nono ya sani, da robar ta taɓa bakinsa sai ya ture da harshe. Na canza kai, ya ƙi. Na aika wa Sista Ladi, ta aiko cewa hakan ma ya fi, in bar fida in ba shi da ɗan kofi, don in uwar ta tashi kar ta tarar ya manta da nono. Ɗan kofin awon magani na samu, sabo. Ana ɗaga yaro ya ɗan zauna, a tallafi wuyansa, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har madarar ta taɓa leɓe. Ba a zubawa, shi zai lasa da kansa kamar ɗan kyanwa. Da farko rabin madarar a tsumma take ƙarewa. Duk shayarwa sai na dafa ruwa na haɗa sabuwa, abin da ya rage a zubar, kofi da cokali su koma madambaci. Madambacin da ke cika da kwalabe ya koma turara kofi guda da cokali guda, amma ban rage masa wuta ko lokaci ba. Kullum idona na kan tsumman fitsarinsa. Ranar da ya fara jiƙa shi sosai, kukansa kuma ya dawo da ƙarfi har Malam ya jiyo daga zaure, na san mun haye.

Iro yakan biyo kowace yamma daga asibiti, ya tsaya a ƙofa ya wanke hannu har gwiwar hannu, in ɗago masa yaron daga nesa. Yau ya ce ta buɗe ido, gobe ya ce ta sha kunu, wata rana ya zo kai a sunkuye ya ce ciwon ya taɓa mata ƙoda za a ƙara riƙe ta. Gawayi kuwa bai taɓa bari ya yanke min ba.

Sai da damina ta fara ja baya, ciwon ya lafa a gari, aka sallami Rabi. Ta rame har zani na neman zagaye ta sau biyu. Ta karɓi Habu ta sa shi a nono, ya ja, ya ja, ya saki ya fashe da kuka. Ba komai a ciki. Ta miƙo min shi ta juya fuska bango, ta ce in ci gaba da ba shi abin da nake ba shi, ita nata ya ƙafe. Madarar gwangwani kuwa ba abin da mai tura baro zai ɗore da shi ba ne, balle in sun koma ƙauye inda ruwan rafi ake sha.

Na ce wa Iro ya bar ta a wurina. Sista Ladi, ita da ba ta fita, ta sa aka kawo ta da sandarta. Ta ce nono yana dawowa in yaro ya ci gaba da ja, amma yaro ba zai ja abin da ba ya ba shi komai ba, don haka sai an yi masa dabara. Ta nuna mana. Rabi ta sa shi a nono, ni in tsaya ta wajen kafaɗarta da kofi da cokali, in riƙa ɗiga madara a saman nonon tana gangarowa zuwa bakinsa. Shi yana zaton daga ciki take fitowa, sai ya yi ta ja. Ta ce a yi haka duk lokacin da ya nema, a ciyar da uwar sosai, a bar shi ya riƙa kwana a jikinta, kuma kar wanda ya yi mata alkawarin rana.

Haka muka yi ta yi, ina ɗura wa Rabi kunun gyaɗa da tuwo miyar kuka. A cikin kwanakin nan Malama Hadiza ta dawo da Amira, bayanta wasu suka biyo. Wasu sun samu wani wuri ba su dawo ba, ban kuma bi su ba. Aka kawo sabuwar taransifoma, na yaye zanin da ke kan injin, na gwada shi da ruwa kawai, sai da na ga murfi ya yi fari yana zubar da gumi kafin na amince masa da kwalbar kowa. Aiki ya dawo, ina fita daga ɗakin tsakiya in shiga na Rabi, in wanke hannu a tsakani. Bayana ya riƙe saboda sunkuyo a kafaɗarta. Ita kuma kullum sai ta matsa nonon ta duba. Wani lokaci ɗan ruwa-ruwa ya fito, wani lokaci babu. Ba sau ɗaya ba ta ce a haƙura, ni kuma in ce mu ƙara na yau.

Wata la'asar muna cikin yi madarar kofin ta ƙare. Na ce ta riƙe shi haka in haɗo wata, na juya zan nufi murhu. Ina bakin ƙofa ta kira ni a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

“Inna, tsaya. Ki saurara.”

Na tsaya da kofin a hannu, ba komai cikinsa. Ɗakin shiru, sai can tsakar gida Amira na buga murfin kwano. Sai na ji shi, ya ja, ya ja, sannan ƙut, ya haɗiya. Ya sake ja, ya sake haɗiya. Wani farin ɗigo ya taru a gefen bakinsa ya gangaro haɓa. Rabi ba ta motsa ba, ko numfashi a hankali take yi, idonta a kan yaron.

Ba a ranar muka daina kofi ba, a hankali aka riƙa ragewa har ya zama ba ya nema. Amma a la'asar ɗin nan ban haɗa wata madarar ba. Na zauna a bakin ƙofa da kofin a cinyata har ya ƙoshi ya saki nonon da kansa, ya yi barci da baki a buɗe.